Mikin Mai Magani: Ina Iyakar Kocin Rayuwa Take?

Akwai wata sana'a da kakanni ba su san ta da suna ba, amma yau ta shiga gidaje da yawa ta wayar hannu. Mai yin ta yana kiran kansa kocin rayuwa. Shi ba likita ba ne, ba fasto ba ne, ba kuma malamin makaranta ba. Aikinsa shi ne ya zauna da mutum, ido da ido ko ta waya, ya yi masa tambayoyi a kan abin da yake so ya cimma a aure, ko aiki, ko kasuwanci, ko renon 'ya'ya, ya taimake shi tsara hanya, ya kuma riƙa bin sawunsa har ya kai. A ƙarshe mutumin ya biya kuɗi. A Legas da Abuja akwai masu ofis, amma da yawa ofishinsu Facebook ne da WhatsApp.

Wanda ya je wurin irin wannan mutum ba ya daɗewa bai buɗe ciki ba. Kafin a yi zama uku ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa matarsa ba: bashin da ke wuyansa, tsoron da ke hana shi barci, kunyar da ya ɗauko tun yana yaro. Daga nan tambaya take tasowa, kuma tambaya ce ta lamiri kafin ta zama ta sana'a. Kocin da ke sauraro shi ma ɗan Adam ne, yana da nasa bashin da nasa tsoron. Ya dace ya buɗe nasa cikin, ko ya rufe? In ya rufe, bai zama mai riya ba, yana nuna kamar shi ya gama da wahalar duniya? In kuwa ya buɗe, bai ƙara wa mai kaya wani kayan ba?

Sunan sana'ar kansa yana da abin lura. A ƙasar Hungari akwai wani ƙauye, Kocs, wanda ya yi suna wajen ƙera keken doki tun ƙarni na 15, har sunan ƙauyen ya zama sunan keken a harsunan Turai da dama. Wajen 1830 ɗaliban jami'ar Oxford suka laƙaba wannan suna ga malamin da ke yi musu darasi na musamman, wai shi ne keken da zai haye da su jarrabawa. Daga can kalmar ta koma filin wasa, inda masu bin labarin ƙwallo suka san ta. A 1974 wani mai koyar da tanis a Amurka, Timothy Gallwey, ya rubuta littafi yana nuna cewa shakka da tsoron da ke cikin ɗan wasa sun fi abokin karawarsa kayar da shi. Manyan kamfanoni suka ɗauki wannan tunani domin shugabanninsu. Sai Thomas Leonard, mai ba mutane shawara kan kuɗi, ya lura cewa masu zuwa wurinsa sun fi son maganar rayuwarsu a kan maganar asusunsu. Ya kafa makarantar horar da kociyoyi a 1992, a 1995 kuma ya kafa ƙungiyar da duniya ta sani da ICF.

Wannan ƙungiya tana da ƙa'idodi. Ta ce koci ya riƙe asirin wanda ya zo wurinsa, kada ya yi soyayya ko kwana da shi, ya bayyana in yana da wata moriya a ɓoye, ya kuma tura shi wurin wani gwani in matsalar ta fi ƙarfinsa. Tana ba da takardar shaida mataki uku: na farko yana bukatar awa 60 na horo da awa 100 na aiki, na ƙoli kuwa awa 200 na horo da awa 2,500 na aiki. Amma shiga ƙungiyar ganin dama ne. A Amurka, inda sana'ar ta tsiro, mutum ba ya bukatar lasisin gwamnati kafin ya kira kansa koci. Likitan da ya keta iyaka ana iya ƙwace lasisinsa, ya rasa abinci. Kocin da ƙungiya ta kora yana iya buɗe sabon shafi washegari da safe. Saboda haka shingen da doka take riƙe wa likita, a nan lamirin mutum ne kaɗai yake riƙe da shi.

Masu aikin sauraron damuwar mutane sun daɗe suna gardama a kan wannan. A 1912 Sigmund Freud ya shawarci likitoci masu tasowa su zama kamar madubi, wanda ba ya nuna kome sai abin da aka sa a gabansa, su kuma ajiye motsin zuciyarsu kamar yadda mai fiɗa yake yi a ɗakin tiyata. Bayan shekara 45, a 1957, Carl Rogers, wanda ya fara karatun tauhidi kafin ya koma ilimin halayyar ɗan Adam, ya ce ba a warkar da mutum daga bayan labule. Dole mai taimako ya zama na gaske, abin da ke fuskarsa shi ne abin da ke zuciyarsa. Kociyoyin yau jikokin Rogers ne, ba na Freud ba. Sai dai da yawa sun ji rabin maganarsa ne. Rogers bai ce mai taimako ya zazzage damuwarsa a gaban wanda ya zo ba. Abin da ya nema shi ne kada ya ruɗe shi game da ko shi wane ne. Rashin yin ƙarya daban, faɗin kome da kome daban.

Kasuwa ce ta ƙara dagula lissafin. Tun da ba digiri ko lasisin da zai raba gwani da ɗan koyo, abin da koci yake tallata kansa da shi shi ne labarin kansa: yadda ya faɗi warwas, aurensa ya mutu, kasuwarsa ta karye, sa'an nan ya tashi. Bayan jawabin da Brené Brown ta jami'ar Houston ta yi a 2010 a kan ƙarfin da ke cikin yarda da kasawa, wanda miliyoyin mutane suka kalla a intanet, bayyana rauni ya zama abin ado. Ita kanta ta sha gargaɗi cewa buɗe ciki ba tare da iyaka ba wani abu ne dabam da abin da take koyarwa, amma gargaɗi ba ya tafiya da sauri kamar talla. Har aka kai ga mai hawaye a bidiyo ya fi mai basira samun masu zuwa.

Duk da haka, masu cewa a buɗe suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. A watan Mayu na 1935, wani ɗan kasuwar hannun jari daga New York mai suna Bill Wilson ya je garin Akron a jihar Ohio kan wata harka, harkar ta lalace. Watansa biyar ke nan da barin giya, ga shi shi kaɗai a otal, ga mashaya a gefe tana kiransa. Sai ya shiga buga waya ga limaman majami'u, yana neman a haɗa shi da wani mashayi. Aka haɗa shi da likitan tiyata Bob Smith, wanda giya ta kusa gamawa da shi. Smith ya yarda zai ba shi minti 15. Suka yi wajen awa 6 suna magana. Abin da ya kama Smith shi ne baƙon bai zo da wa'azi ba, ya zo ne da labarin kansa, ya kuma faɗa a fili cewa shi ne mai bukatar wannan hira domin kada ya koma sha. Daga wannan zama aka haifi ƙungiyar mashayan da ke taimakon juna ba tare da bayyana sunayensu ba, wadda ta bazu a duniya. Lalle akwai ƙofar da ba ta buɗuwa sai ga wanda ya taɓa kwana a ɗakin.

Amma a duba yadda zaman nan yake. Mutum biyu ne a tabarma ɗaya, ba babba ba ƙarami. Ba wanda ya biya wani. Wilson bai ɓoye bukatarsa ba, Smith kuma yana da ikon tashi ya tafi. Har wa yau ƙungiyar tana riƙe da al'adar cewa wannan taimakon juna ba sana'a ba ne, ba a karɓar lada a kansa. Zaman koci ba haka yake ba. Ɗaya ya biya, ɗaya ya karɓa. Ɗaya ya zo domin ya rasa hanya, ɗaya ya ce ya san ta. Ɗaya ya tuɓe asirinsa, ɗaya yana zaɓen abin da zai nuna. Awar nan ta wanda ya biya ce, ba domin kuɗin kaɗai ba, amma domin alkawarin da aka yi masa cewa a wannan awa shi za a ɗauka. Keken doki ba ya hawan fasinja.

Ba wanda ya yi tunani mai zurfi a kan wannan kamar Henri Nouwen, fada ɗan ƙasar Holan, wanda ya koyar a jami'o'in Yale da Harvard. A 1972 ya fitar da ƙaramin littafi a kan mai warkarwa wanda shi kansa yana da miki. Ra'ayinsa shi ne mai hidima ba ya taimakon mutane daga bisa. Kaɗaicinsa da zafinsa su ne suke ba shi kunnen jin na wasu. Mutane da yawa suna ambaton wannan littafi domin su halatta wa kansu baje kolin damuwarsu, alhali a cikinsa Nouwen ya tsawata wa mai hidimar da ke mai da ciwonsa abin nuni, gama mai wahala ba ya samun sauƙi don kawai an gaya masa cewa wani ma yana wahala. Abin da yake nema shi ne mutum ya shiga mikinsa, ya fahimce shi, ya ɗaure shi, har ya zama wurin da wani zai iya zama.

Rayuwarsa ta gwada maganarsa. A 1985 ya bar jami'a, a 1986 kuma ya koma zama da naƙasassu a wani gida na ƙungiyar L'Arche kusa da Toronto a Kanada. Ba a daɗe ba wata abota da ya jingina zuciyarsa duka a kanta ta yanke, ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani, irin wanda ke hana barci da aiki. Mutumin da dubbai suke karanta littattafansa domin samun ta'aziyya ya rasa tasa. Abin da ya yi shi ne abin lura. Bai hau mumbari da ciwon ba, bai kuma kai shi wurin waɗanda yake yi wa hidima ba. Ya ajiye aiki, ya bar gidan daga Disamba 1987 zuwa Yuni 1988, ya sa kansa a hannun masu ba da shawara biyu waɗanda suke zuwa wurinsa. Yana rubuta wa kansa umarni a wani littafi na asiri. Abokai sun roƙe shi ya buga, ya ƙi, domin abin yana ɗanye. Sai bayan shekara 8 ya yarda, littafin ya fito a 1996, shekarar da ya rasu. Kalmomin ba su canza ba a cikin shekarun nan. Mai kalmomin ne ya canza: a 1988 da ya miƙa su, da yana neman a riƙe shi ne, a 1996 yana iya bayar da su ba tare da jiran kome daga mai karatu ba.

Wannan shi ne ma'aunin, kuma ba ma'aunin yawan magana ba ne. A ɗauka wata mata ta zo wurin koci mace bayan ɓari na biyu, tana jin kamar ita kaɗai ce a duniya. Kocin ta ce mata a taƙaice ita ma ta taɓa bin wannan hanya shekarun baya, ta san yadda gaisuwar mutane take ƙara ciwo, sa'an nan ta mai da magana kanta: yaya ke kike kwana? Matar za ta fita da kayanta ya ragu. A sāke ɗauka kocin ta fara ba da labarin rigimar da suka yi da mijinta daren jiya, muryarta na rawa, har matar ta miƙa mata hankici tana cewa ki yi haƙuri. Ita ma gaskiya ta faɗa, ba ƙarya. Amma kujeru sun juya. Mako mai zuwa matar za ta tace maganarta, ta ɓoye mafi nauyi, don kada ta ƙara wa koci damuwa. Ta biya kuɗi domin ta sauke kaya, ta koma da biyu. Mafi muni, za ta ji daɗin hakan da farko, gama an ɗauke ta aminiya, an fifita ta a kan saura.

Wannan daɗin ne tarkon. A 1993 likitocin ƙwaƙwalwa biyu na Amurka, Thomas Gutheil da Glen Gabbard, suka rubuta wata maƙala da ta zama abin koyarwa a wannan fanni. Sun jera wuraren da iyaka take: lokaci, wuri, kuɗi, kyauta, tufafi, irin harshe, bayyana kai, da taɓa jiki. Sun nuna cewa babbar ɓarna ba ta faɗowa rana ɗaya. Zama ya ɗan zarce lokaci, a koma kiran juna da sunan gida, hira ta koma kan rayuwar mai taimako, a dafa kafaɗa, a ci abinci tare a waje, kowane mataki ƙarami ne har ba wanda zai ce ga ranar da aka yi laifi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagar kuwa sau da yawa kaɗaicin mai taimakon ne, ba muguntarsa ba.

Akwai kuma inda mugunta ce tsagwaronta. A 1998 Keith Raniere ya fara shirya darussan cin nasara a rayuwa a yankin Albany na jihar New York, abin da ya zama kamfanin NXIVM. Dubban mutane suka biya kuɗi masu yawa, ana koya musu cewa tono tsoro da kunya a gaban malami shi ne hanyar 'yanci. A can ciki aka kafa wata ƙungiyar mata ta asiri, wadda sharaɗin shigarta shi ne mace ta ba da jingina: hotunan tsiraici, ko wasiƙun da za su iya rushe iyalinta in sun fita. Da wannan jingina aka mallake su, har aka yi wa waɗansu lalas a jiki da haruffan sunansa. Kotun tarayya a Brooklyn ta same shi da laifi a Yuni 2019, a Oktoba 2020 aka yanke masa ɗaurin shekara 120. Ba adalci ba ne a shafa wa dukan kociyoyi wannan baƙin fenti. Amma labarin ya tona wata gaskiya da ke cikin kowane zama, har mafi tsabta: asirin da aka faɗa igiya ce, kan ta yana hannun wanda ya ji. Kocin da ya ɗauki labarin wata ya sa a tallarsa, ko ya yi misali da shi a taro ta yadda 'yan unguwa za su gane ta, ya ja wannan igiya, ko da bai yi niyyar cuta ba.

To, ashe mafita ita ce koci ya zama dutse? A'a. Gutheil da Gabbard da kansu sun bambanta tsallake iyaka da keta ta. Kocin da ya je jana'izar ɗan wanda yake taimako ya tsallake, amma bai keta ba; da ya ƙi zuwa don kare ƙa'ida, da ya yi rashin mutunci. Akwai kuma mai ɓuya a bayan iyaka, wanda ba ya taɓa cewa ban sani ba, ba ya taɓa cewa na yi kuskure a shawarar da na ba ka. Wannan ba tsare iyaka yake yi ba, girmansa yake tsarewa, kuma yana koya wa mai rauni cewa akwai mutanen da ba su da rauni. Ginin gidan gargajiya ya fi fahimtar al'amarin. Zaure ba domin korar baƙo aka yi shi ba. A nan ake shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da tuwo, maigida ya fito da kansa ya zauna da shi da fuskarsa ta gaske. Amma ba a kai shi ƙuryar ɗaki, kuma rashin kai shi can mutunci ne ga baƙon da masu gidan gaba ɗaya.

Manzo Bulus, a sura ta 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, ya umarci masu bi su taya juna ɗaukar nauyi, bayan ayoyi uku kuma ya ce akwai kayan da kowa zai ɗauka da kansa. A Helenanci kalmomi biyu ne dabam, ta farko nauyi ne mai danne mutum, ta biyu kuwa kayan da aka ɗora wa mutum a matsayin rabonsa. Henry Cloud da John Townsend sun yi amfani da wannan bambanci a littafinsu na 1992 a kan iyakoki, wanda ya shiga gidajen Kirista da yawa. Ga koci abin yana yanka ta fuska biyu. Ba zai karɓe wa mutum yanke shawarar da take tasa ba, ko ya zauna da mijin nan ko ya bar aikin nan, har ya zama ba ya iya motsi sai ya bugo waya. Ba zai kuma ɗora masa nasa rabon ba. Akwai ma nauyi na uku, wanda ya fi ƙarfin su biyun. Mutumin da ya yi makonni ba ya ci ba ya barci, ko ya fara zancen kashe kansa, ba tsarin buri yake bukata ba, likita yake bukata, kuma kocin da ya riƙe shi don kada kuɗin wata ya kuɓuce ya keta iyaka mafi haɗari duka.

A inda kowa ya san kowa, abin ya fi wuya. A ikkilisiyar Hausa da ke bariki, mai yiwuwa kocin da wadda take zuwa wurinta suna zumuntar mata ɗaya, 'ya'yansu suna ajin Lahadi ɗaya. Ba za a iya hana su haɗuwa ba. Abin da za a iya shi ne a yi magana tun ranar farko: abin da aka faɗa a zama ba ya fita ko da sunan roƙon addu'a, ba bashi tsakani, ba haɗa jari, ba saƙon tsakar dare sai da dalili mai ƙarfi, ga kuma ranar da za a zauna a duba ko aikin ya ƙare.

Saura tambayar da aka fi mantawa: shi kocin ina zai kai nasa? Wanzami ba ya son jarfa. Mai sauraron mutane dukan yini yakan saba da kujerar mai sani, har zama a ɗaya kujerar ya zame masa abin kunya. Amma ciwon da ba a kai ko'ina ba yana neman hanya da kansa, kuma hanyar da ta fi kusa ita ce mutumin nan mai kirki da ke zuwa kowace Talata, mai sauraro da girmamawa, wanda ba zai iya cewa ya isa ba. Shi ya sa a aikin ba da shawara aka kafa al'adar cewa mai taimako ya riƙa zuwa wurin wani babba a sana'ar, ya shimfiɗa aikinsa da abin da aikin yake tayar masa a zuciya, a duba tare. Iyalin da ke shirin biyan koci suna da ikon tambayarsa inda ya yi horo, da ƙa'idar da yake bi, da wanda za a kai wa ƙara in ya saɓa. Suna kuma iya tambayarsa, cikin ladabi, shi wa yake kai wa tasa damuwar. Wanda ya ce akwai wani babba da yake gani duk wata, da amini da ba ciniki tsakaninsu, ya ba da amsa. Wanda ya yi dariya ya ce shi ai ya wuce wannan matakin, shi ma ya ba da amsa.